A Shafa Masa Mai Ko A Bar Shi Da Furfurarsa?

A bayan yawancin jiragen ruwa na shaƙatawa, irin waɗanda ake gani jere a gaɓar Fulorida da tashoshin Bahar Rum da Dubai, har da 'yan tsiraru a ruwan Ikoyi na Legas, akwai wani ɗan dandamali da ke fitowa daga gindin jirgin, tsakaninsa da ruwa bai fi kamu guda ba. Daga kansa ake faɗawa ruwa a yi iyo, ta kansa ake hawowa da ɗan tsani, a kansa ake jawo babban kifi idan ya ci ƙugiya. Masu hali da katakon tik suke yin sa. Kuma duk jirgin babu katakon da ke shan wuya kamarsa. Rana na dukansa ta sama, igiyar ruwa na marinsa ta ƙasa, gishiri na bushewa a jikinsa, salansar inji na fesa masa baƙin hayaƙi, ga jiƙaƙƙun ƙafafu suna hawa suna sauka daga safe har yamma.

Ranar da aka kafa shi, launinsa ruwan zuma ne. Kafin shekara ta zagayo ya koma ruwan toka, ya yi furfura. A nan masu jirage suka rabu gida biyu, kuma gardamar ta girmi yawancin masu yin ta. Wasu na cewa a wanke shi, a shafa masa mai, a yi ta maimaitawa muddin jirgi na kan ruwa. Wasu na cewa a bar kaza cikin gashinta.

Itacen da ake jayayya a kansa asalinsa dazuzzukan Indiya ne da Tailan da Laos da Myanmar, wadda a da ake kira Bama. A zuciyarsa akwai wani mai na halitta da wani abu mai kama da ɗanko, su ne ke hana ruwa shigarsa, tare da sinadarin da ke sa gara da ruɓa su yi nesa da shi. Akwai kuma ƙwayoyin silika, dangin yashi, waɗanda ke dakusar da zarton kafinta tun bai yi nisa da aiki ba. Ba ya kumbura sosai idan ya jiƙe, ba ya motsewa sosai idan ya bushe. Mutanen da sun san wannan tun kafin a san sunan sinadaran. Da tik ɗin gaɓar Malabar ta Indiya maƙeran Oman da sauran ƙasashen Tekun Fasha suka yi ɗaruruwan shekaru suna haɗa jiragensu masu filafilai. Ya zo a Sahihul Bukhari cewa lokacin da Sayyidina Usman ya faɗaɗa Masallacin Annabi a Madina, da saj ya yi rufinsa, kuma saj shi ne wannan itacen. Jirgin yaƙin Ingila mai suna Trincomalee, wanda aka ƙera da tik a Bombay a 1817, har yau yana kan ruwa a Hartlepool, kodayake an yi masa babban gyara a ƙarshen ƙarnin da ya wuce. Saboda haka babu mai musun cewa itacen na da ƙarko. Abin da ake musu a kai shi ne ko hannun mutum na ƙara masa kwana ko rage masa yake yi.

Hujjar farko ta masu mai ita ce ido, kuma bai kamata a raina ta ba. Mutum ya zuba kuɗi masu yawa a kan katako ne saboda launin nan da zanen jijiyoyinsa. Da ƙarfi kawai yake nema, da ya sa faiba ko alminiyom ya huta. Mai jirgin haya kuwa ya san cewa baƙon da zai biya shi, ta dandamalin nan zai fara taka ƙafa, kuma mutane da yawa idan suka ga katako ya yi toka, tsufa da sakaci suke gani. Haka ma ranar sayar da jirgi.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, ita ce ta tabo. Busasshen katako mai ƙishirwa ne, duk abin da ya zuba a kansa sai ya sha: jinin kifi, man da masu iyo ke shafawa don kare fatarsu daga rana, ɗigon man dizal, maiƙon abincin da yara suka zubar. Wanda aka riga aka ƙosar da mai kuwa ba shi da sauran wurin sha, sai ƙazantar ta tsaya a sama, tsumma ɗaya ya ɗauke ta. Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa fama da tabon maiƙo a kan tik marar shafi ya san ba a rana ɗaya yake fita ba.

Sai kuma hujjar da ta fi shiga zuciyar Bahaushe. Sun ce dubi fatarka a lokacin hunturu. Ka bar ta kwana uku ba man kaɗanya, sai ta yi fari fat, ta fara tsagewa. To katako ma haka ne, in ji su: rana da gishiri sun tsotse man da ke samansa, ga ƙananan tsaga nan sun fara bayyana a bakin allunan, me ya fi dacewa da a mayar masa da abin da ya rasa? Suna ƙarawa da cewa wanda ya saba durƙusawa kowane wata da tsumma a hannu, shi ne zai fara ganin notin da ya kwance da allon da ya fara rawa. Rigakafi, in ji su, ya fi magani.

Aikin nasu kuma yana da ƙa'ida. A wanke katakon tas, a bar shi ya bushe kwana ɗaya ko biyu, a manna tef a kan faibar da ke kewaye domin man na barin rawayan tabo a jikinta. Sannan a shafa shi siriri da tsumma ko buroshi, a jira 'yan mintoci, a goge duk wanda katakon bai sha ba, a sake, har sai ya daina sha. Idan aka yi shi yadda ya kamata, dandamalin na fitowa gwanin sha'awa. Ban taɓa jin wanda ya musa kyansa a makon farko ba.

Masu cewa a bar shi, daga gwangwanin man suke fara tasu maganar. Abin da ake sayarwa da sunan man tik ba daga itacen tik aka tatso shi ba. Galibi man linsid ne ko man tung, wanda ake samu daga 'ya'yan wata bishiya ta ƙasar Sin, an tsinka shi da sinadari dangin kananzir, wani lokaci a ƙara ɗan ƙaro da maganin rana. Ke nan zancen mayar wa katako abin da ya rasa bai taso ba, baƙon mai ne ake ɗora masa. Misalin fata ma suna cewa ya karye tun daga tushe. Fata rayayya ce, tana sabuntawa daga ciki. Furfurar tik kuwa wani siririn ɓawo ne da zafin hasken rana ya cinye sinadarin da ke riƙe zarurrukansa, kaurinsa bai kai na farce ba. Sa bakin wuƙa ka ɗan kankare, za ka tarar da ruwan zuman nan yana nan, da mansa da ƙamshinsa. Ɓawon da ya yi toka shi ne ma inuwar abin da ke ƙarƙashinsa.

Sannan man ba ya daɗewa. A ƙasa mai zafin rana, makonni kaɗan ne ya fara dushewa, kuma a kan dandamalin da igiyar ruwa ke wankewa kullum ya fi saurin tafiya fiye da ko'ina a jirgin. Kafin ya tafi kuma sai ya bar ɓarna. Man linsid abinci ne ga fumfuna, shi ya sa katakon da ake yawan shafawa ke fara yin baƙaƙen ɗigo, daga baya ya yi duhu gaba ɗaya. Hayaƙin salansa, wanda da ruwa zai ɗauke shi daga busasshen katako, yanzu ya samu wurin mannewa. Katako mai duhu ya fi ɗaukar zafi, kuma wannan wuri ne da ba a taka shi da takalmi. Idan aka yi ganganci ba a goge rarar man ba, sai ya zama danƙo, ga santsi idan ya jiƙe. Alhali babban dalilin da ya sa tun farko aka zaɓi tik don shimfiɗa a inda ake takawa shi ne yadda yake riƙe jiƙaƙƙiyar ƙafa idan an bar shi tsirara.

Duk waɗannan za a iya jure su. Inda maganar ta fi tsanani, a ganina, shi ne abin da ke faruwa kafin kowace shafa. Ba a ɗora sabon mai a kan tsohon da ya yi baƙi, sai an cire shi. Cirewar kuma da me? Da sinadarin wanki mai kashi biyu, na farko soda mai ƙarfi irin ta dafa sabulu, na biyu asid da ke kashe kaifin sodar ya haskaka katakon. Ko da buroshi mai tauri. Ko da injin fesa ruwa mai ƙarfi. Ko da sanfefa. Jikin tik kuwa ba ɗaya ba ne. Kowace shekarar girma ta bar masa layi biyu, mai taushi na farkon damina da mai tauri na bayanta. Soda da buroshi da feshin ruwa duk mai taushin suke fara ci, su bar mai taurin a tsaye, sai fuskar katakon ta zama kunya-kunya. Kwaruruwan nan su tara datti, dattin ya sa a ƙara wanki, wankin ya ƙara zurfafa su, har a kai inda ba makawa sai an sa sanfefa an daidaita. Kowane zagaye, katako ne ke bin ruwa.

Wannan ba sabon darasi ba ne. A zamanin manyan jiragen yaƙi, ma'aikata kan durƙusa su goge benen jirgi da dutsen yashi da ruwan teku har ya yi fari. A 1931 rundunar sojan ruwan Amurka ta ba da umarnin a daina, saboda gugar tana cinye tik mai tsada da sauri. Kuma allunan wancan zamani masu kauri ne, ana auna su da inci. Na yau fa? Akwai dandamalin da har yanzu ake yi da tsagwaron alluna masu kaurin inci ɗaya ko fiye, a jera su da 'yar tazara don ruwa ya wuce, irin wanda ake gani a tsofaffin jiragen Grand Banks. Amma a jiragen zamani da yawa, dandamalin na faiba ne, aka manna masa siraran allunan tik da kaurinsu bai wuce milimita 6 zuwa 10 ba. A ƙaddara kowace babbar guga na cin rabin milimita. Mai allon milimita 6 ya lissafa da kansa sau nawa zai yi kafin kawunan ƙusoshi su leƙo, ko baƙin danƙon da ke tsakanin alluna ya rasa abin da zai riƙe. Danƙon nan ma wasu nau'o'insa mai da sinadarin tsinka shi na sassauta su, su saki gefen katako, ruwa ya samu hanya. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da ba a cika faɗa wa sabon mai jirgi ba. Tsumman da ya sha man linsid, idan aka dunƙule shi aka jefa a lungu, yana iya yin zafi da kansa har ya kama wuta, don haka sai a shanya shi a buɗe ko a nutsa shi cikin ruwa. Kuma duk abin da aka zuba a kan dandamali, cikin teku zai ƙare. A Amurka doka ta hana zubar da man da zai bar ƙyalli a fuskar ruwa, komai ƙanƙantarsa.

To masu cewa a bar shi, su me suke yi? Abu kaɗan. Guga na ruwan teku a kai a kai, domin gishiri na rage wa fumfuna ƙarfi. Soso ko buroshi mai laushi da ɗan sabulu marar kaifi, a goga a gicciye, kada a bi tsawon jijiya, don kada a ƙwaƙule mai taushin. Idan tabon tsatsa ko baƙi ya fito, a taɓa wurin kaɗai da asid mai sauƙi na okzalik a ɗauraye. Sosan ƙarfe ba ya zuwa kusa, domin ɓurɓushinsa na maƙalewa ya yi tsatsa.

Sai dai su ma masu furfura suna da inda suke zarcewa. Sukan yi magana kamar kowane tik da aka ƙyale zai zama azurfa mai sheƙi. Wannan na jirgin da ke ruwan gishiri ne, inda rana ke bugawa kuma iska ke kaɗawa. Kai jirgin nan tafki ko kogi, ko ƙasa mai yawan ruwan sama da hazo, ka ga yadda tokar za ta koma baƙi-baƙi da kore, gansakuka ta hau, santsin da ake gudu daga mai ya zo ta wata ƙofar. Shi ya sa a arewacin Turai masu barin tik tsirara ba zama suke yi su naɗe hannu ba. Suna shafa masa ruwan magani mai sinadarin boron, irin su Boracol, wanda kamfanin ƙera jirage na Hallberg-Rassy a Suwidin ke ba masu jiragensa shawarar amfani da shi. Ba ya canza launi, fumfuna da gansakuka kawai yake kashewa. Da yawa daga masu taƙama da cewa sun bar katako a halittarsa, in ka duba da kyau, ƙyuya ce suka yi wa rawani.

Akwai kuma hujjar da masu mai suka samu a 'yan shekarun nan, wadda kakanninsu ba su da ita: tik ɗin yau ba na jiya ba ne. Wanda ya yi suna, na tsofaffin dazuzzukan Myanmar ne, bishiyoyin da suka yi shekaru aru-aru suna girma a hankali. Ƙasar ta hana fitar da gungumen da ba a sarrafa ba a 2014. Bayan juyin mulkin soja na Fabrairun 2021, Amurka da Tarayyar Turai suka ƙaƙaba takunkumi a kan kamfanin katako na gwamnatin ƙasar, wanda ta hannunsa ake sayar da tik ɗin. A 2024 hukumomin Holan sun ci kamfanin Oceanco tarar Yuro 150,000 saboda tik ɗin Myanmar da ya shiga jirgin Koru na attajiri Jeff Bezos. Abin da ya rage wa yawancin maƙera shi ne tik na gona. Indiya ta fara dasa shi a Nilambur tun shekarun 1840, kuma mu ma muna da shi: Turawan mulki sun dasa a Olokemeji a farkon ƙarni na 20, akwai dajin Nimbia a kudancin Kaduna, a Gana kuwa har turakun wutar lantarki ake yi da shi. Amma na gona akan sare shi yana ɗan shekara 20 ko ƙasa da haka, zuciyarsa ba ta gama faɗi ba, farin gefensa mai saurin ruɓa na da yawa, layukansa masu taushi sun fi faɗi. Masu mai suka ce to ga shi, katakon da bai ƙoshi da man kansa ba ai yana buƙatar taimako.

Rabin maganar na karɓa. Gaskiya ne yana buƙatar taimako. Amma katakon da layinsa mai taushi ya fi faɗi shi ne kuma wanda soda da buroshi za su fi saurin cinyewa, kuma wanda ya yi tsada ya yi wuyar samu shi ne wanda bai kamata a riƙa aske shi don kwalliya ba. Hujjar tasu, idan aka bi ta har ƙarshe, gidan abokan gardamarsu take kaiwa.

Tsakanin ɓangarorin akwai masu bin hanyar sila, wato ruwan shafi marar maiƙo irin su Semco, wanda ke shiga katako ya toshe ƙofofinsa, da ɗan launi a ciki mai tare rana. Yana kai watanni, ba ya ciyar da fumfuna kamar linsid, ba ya santsi, kuma sabunta shi ba ya buƙatar wankin soda, sabulu ya isa. Aibinsa shi ne launin na iya fitowa kamar na kanti, kuma wanda ya fara sai ya ci gaba. Banish mai ƙyalli kuwa, wanda ke kyau a kan dogarai da ƙofofin jirgi, duk ɓangarorin sun yarda ba shi da wuri a inda jiƙaƙƙiyar ƙafa ke sauka.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne gardamar gaba ɗaya a kan fuskar sama take, alhali dandamali ba ta sama yake mutuwa ba. Ƙasansa ba ya ganin rana, ba ya bushewa. Can ne bakin alluna ke tsotsar ruwa, can ne ramukan noti ke faɗaɗa, can ne ƙarfen da ke tallafe da shi, ko da marar tsatsa ne, ke ciwo a ɓoye a inda ya manne da jiƙaƙƙen katako iska ba ta shiga. Notocin da suka huda bangon bayan jirgi kuwa, idan abin da ya toshe su ya saki, ruwa cikin jikin jirgin kansa zai shiga. Ba a taɓa jin dandamali ya karye da mutum don ya yi furfura ba.

Hukuncina ke nan. A kan dandamalin iyo, musamman mai siraran alluna, masu furfura sun fi gaskiya, da sharaɗin su riƙa wankewa a hankali kuma su yi maganin fumfuna. Mai ya dace da tik ɗin cikin ɗaki da teburi da duk inda rana da igiyar ruwa ba sa kaiwa, can yana daɗewa kuma ba ya jawo guga. Wanda ransa ba zai kwanta ba sai ya ga ruwan zuma, ko mai kamun kifin da tabo ya dama, ya sa sila. Wanda kuma ya nace sai mai, haƙƙinsa ne, jirginsa ne, amma ya san ado yake saya, kuma da kaurin katakonsa yake biya.

Duk ɓangaren da ka zaɓa, ranar da aka ɗaga jirginka daga ruwa don gyaran shekara, ka ɗauki tocila da sukuddireba ka shiga ƙarƙashin dandamalin. Ka tsokani bakin kowane allo ka ji ko ya yi laushi, ka girgiza kowane ƙarfe, ka kwance noti ɗaya ko biyu ka duba wuyansu, ka toshe bakin allunan da ramukan da abin hana ruwa kafin a mayar da jirgin.